Ba Ta Shan Mai, Taya Take Ci

Shekara talatin ina bakin titin Bukoki,
kunnena kan riga idona ganin mota.
Daga tarin inji nake cewa, Zabairu tashi, ga aiki.
Wannan kuwa inuwarta kawai na gani bisa ƙafata,
ja wur kamar tattasan Difa,
ba tari, ba hayaƙi, ba sallama.

Kadri ya fito, autan Alhaji Arzika mai siminti,
ya ce, Baba Nomau, wannan ba ta shan mai,
ba juyen baƙin mai, ba wankin buji,
wuta take sha da dare kamar salula.
Na ce madalla, na durƙusa.
Ni ba na gaisawa da fenti, ƙasa nake duba.

Na sa farce a tsagar tayar baya,
farcen bai samu wurin shiga ba.
Sumul, kamar kan jariri ranar suna.
Wata nawa? Ya ce bakwai.
Bakwai!
Tayar tsohuwar Fijon ubanka sai da ta ga azumi huɗu
kafin ta nuna mini zarenta.

Muka kafa jak, jak ya yi nishi,
Zabairu ya dube ni, na dube shi.
Ashe nauyin a ciki yake kwance,
batir shimfiɗe daga gaba har baya
kamar an jera mata buhunan Malbaza a ƙarƙashin kujera.
Jikin giwa, zuciyar barewa.
Ka taɓa ta da yatsa ta zabura,
ba ta jiran giya, ba ta shawara.
To wa ke biyan kuɗin zabura?
Roba ce, faɗin tafin hannu sau huɗu,
iyakar abin da ke tsakaninka da kwalta ke nan.

Kowace jar wuta a Yamai ta san Kadri.
Da ta yi kore ya bar 'yan kabu-kabu suna ƙirga ƙura,
ya bar wa titi baƙin layi biyu, sa hannunsa.
Ga kwaltar bazara mai toya tafin ƙafa,
ga hanyar Doso da yake sha kafin shayi ya huce.
Tuwo ne wannan, kullum ana gutsura,
ranar da aka ga gindin kwano sai a ce wa ya cinye.

Da muka ɓare ta daga ƙarfe
na ga soso manne a cikinta zagaye,
wai don ta haɗiye ƙararta.
Na daɗe ina shafa shi.
Ana cin ta, an kuma hana ta kuka.

Na faɗa masa kuɗin sababbi, ya cire tabarau.
Babu irinsu a Wadata, sai an aiko daga bakin teku,
sati uku in Allah ya kiyaye hanya.
Na ce, auna iska da safe kafin rana ta yi ƙarfi,
ka riƙa kawo su in mai da na baya gaba,
sa'an nan ka koya wa ƙafarka kunya.
Ya yi dariya, ya ce me amfanin kaifi in ba a yanka?
Ban amsa ba. Wanda bai biya sau biyu ba ba ya jin wa'azi.

Tsohuwar na kai Katako wurin Ɗan Tani,
ya fere takalma shida a bayanta.
Ɗaya ya tafi Badagishiri, ƙafar yayana Illa,
mai ban ruwan albasa.
Damina uku ke nan yana taka ta,
gona, masallaci, kasuwa, gona.
Jiya ya aiko a gaishe ni,
ya ce har yanzu ba ta huje ba.